Kowa da Kunyarsa: Yadda Ake Raba Tukwici Tsakanin Rukuni da Ɗalibi a Kwalejin Horar da Malamai

Duk malamin da ya taɓa ba da jingar rukuni a kwalejin ilimi ya san wannan takarda. An buga bangonta da kwamfuta, an yi masa ado, sunaye goma a jere da lambobin rajista, na ƙarshen an ƙara shi da biro saboda sai da safiyar ranar miƙawa mai shi ya bayyana. A ciki shafi shida ne. Mutum ɗaya ya rubuta su, in an yi sa'a biyu. Sauran abin da suka kawo shi ne kuɗin bugawa da na fotokofi. Malam ya duba ya ba da 8 cikin 10, kowa ya tashi da 8. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Bayan mako uku a yi gwaji a kan wannan batu, biyu su ci, takwas su faɗi, alhali a rajistar malam duka goman makinsu na jinga ɗaya ne.

Za a ce lalaci ne, amma ɗaliban lissafi suka yi, kuma lissafin nasu daidai ne. Idan takarda ɗaya za a auna, hanya mafi sauƙi ta samun maki mai kyau ita ce a bar wa gwani ya rubuta. Shi ma gwanin ya fi son haka, don in ya raba aikin wani zai kawo masa shirmen da zai ja shi ƙasa. Tsayawa koya wa mai rauni a wurinsa asarar lokaci ce, tunda ko mai raunin ya gane ko bai gane ba makin ba ya canzawa.

Abin ba na yau ba ne. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 abin da ya gani da ya sa mutane jan igiya: da yawansu ya kai takwas, ƙarfin da kowane ke sawa ya sauka zuwa kusan rabin abin da yake ja shi kaɗai. A 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa a Amurka suka gwada da tafi da ihu, suka ga haka nan. Daga baya da suka gaya wa mutanen cewa ana auna muryar kowa daban, sai ragwantar ta ɓace.

Manomi ya riga su sanin wannan. A gayya ana jera mutane a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa. Gonar ɗaya ce, fura da goro na kowa ne, ba kuma a tashi sai an kai ƙarshe. Amma wanda ya yi baya ana ganinsa, wanda ya yi ha'incin noma ciyawarsa tana nan a tsaye tana faɗa, makaɗin gangar noma kuma sunan mutum yake kira in zai yi kirari. Wanda ya fita kunyarsa da wuri yakan juyo ya tari na baya, don ya san sai an gama gaba ɗaya za a zauna. Jingar rukuni irin wadda muka saba gayya ce da aka share kunyoyinta.

A horar da malamai kuwa illar ta fi tsanani. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita a Nijeriya, kuma hukumar rajistar malamai ta TRCN mutum ɗaya-ɗaya take yi wa rajista. Ranar da ɗalibin nan zai tsaya gaban yara tamanin da alli a hannu, babu ɗan rukuninsu ko ɗaya a bayansa.

Tsarin da ya mayar da kunyoyin

A shekarun 1970 Robert Slavin da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka tsara wata hanyar koyo a rukuni da ake kira STAD. Gindinta abu uku ne. Rukuni yana da tukwicin da yake nema tare. Tukwicin yana fitowa ne daga gwajin da kowane ɗalibi ya zauna shi kaɗai. Sannan ana auna kowa da makinsa na baya, ba da na maƙwabcinsa ba. Slavin ya daɗe yana nanata cewa in aka cire na farko ko na biyu, aikin rukuni ba ya ƙara wani abin kirki a sakamako. Don makarantun yara aka ƙirƙiro tsarin, amma yana zama daram a ajin NCE in an yi masa 'yan gyare-gyare.

Mu ɗauki aji mai ɗalibai 120 da kwas mai awa biyu a mako. Rukuni na mutum huɗu-huɗu ne, wato rukunoni 30. Huɗu saboda benci: biyu na gaba su juyo su fuskanci biyu na baya, ba sai an ɗaga kujerar da aka kafe da ƙusa ba. Huɗu kuma yana rabuwa biyu-biyu don tambayar juna. Daga shida zuwa sama an fara samun 'yan rakiya.

Malam ne ke haɗa rukunin, ba ɗalibai ba. In aka bar su, abokai za su kwashe juna, hazikai su dunƙule wuri guda, a bar waɗanda ba wanda ya zaɓa su zama rukunin kurar baya. Sai a jera sunaye 120 daga mai maki mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, bisa sakamakon zangon da ya wuce a kwas mai kama da wannan. A bi jerin ana ba da lamba 1 zuwa 30, sannan a juyo 30 zuwa 1, a sake 1 zuwa 30, a rufe da 30 zuwa 1. Duk masu lamba ɗaya rukuninsu ɗaya. Da haka kowane rukuni ya samu ɗaya daga sama, biyu daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa. Wannan jeri a aljihun malam yake zama. Da zarar ya fita, an san wane ne «na ƙasa» a kowane rukuni, shi kuma ya rufe bakinsa ke nan har ƙarshen zango.

Bayan rabon sai a duba da ido a yi musaya tsakanin masu maki kusa da juna. Kada a bar mace ɗaya tsakanin maza uku, don yawanci ko dai ta yi shiru ko a mayar da ita magatakarda. Biyu da biyu ya fi, ko rukunin mata zalla inda al'adar wurin ta raba zama. A kuma lura da wanda ba ya jin Hausa: in aka sa shi da Hausawa uku, muhawarar za ta koma Hausa cikin minti biyu ya zama ɗan kallo. Bayani da harshen gida yana taimakawa ƙwarai, sai dai sharaɗin shi ne duka huɗun su ji, kuma a ƙarshe a faɗi amsar da harshen da za a yi gwaji da shi.

Kowane ɗalibi yana da makin tushe, cikin ɗari. Shi ne matsakaicin makinsa na baya. A rubuta wa kowa nasa a 'yar takarda.

Aikin yana zagayawa ne mako biyu-biyu. Makon farko: minti 50 na lacca, minti 50 na aikin rukuni, minti 20 na tambayoyi ga aji duka. Mako na biyu: minti 25 rukuni ya yi bita, minti 25 gwaji, minti 15 a duba takardu, sauran minti 55 a warware tambayoyin da aka fi faɗuwa a buɗe sabon batu. Duk aikin rukuni a cikin aji ake yinsa. In aka ce su haɗu da yamma, matar aure mai goyo da wanda ke zuwa daga ƙauye a kan babur sun fita daga lissafi tun ba a fara ba.

Takardar aiki kwafi biyu ake ba kowane rukuni, ba huɗu ba. In kowa yana da tasa, kowa zai sunkuya a kanta. In biyu ce dole kai ya haɗu da kai. Abin da ke cikinta kuwa shi ne inda yawancin malamai ke tuntuɓe. «Kawo ma'anar auna fahimta» ba ta buƙatar mutum huɗu, buɗe handawut kawai za a yi. Tambayar da ke sa muhawara irin wannan ce: yaro ɗan aji uku ya rubuta 35 − 18 = 23. Me ya yi a kansa har ya samu 23? Wace tambaya ɗaya za ki yi masa ya gano da kansa? Sai wani ya lura cewa yaron ya cire 1 daga 3, sannan da ya ga 8 ba ta fita daga 5 sai ya juya ya cire 5 daga 8. Wata ta ce a kawo tsinke ɗauri uku na goma-goma da biyar a warwatse, a ce ya cire takwas a ga yadda zai yi. Ko a ba su manufar darasi da aka rubuta «ɗalibai za su fahimci tsaftar jiki», a ce su gyara ta yadda za a iya aunawa a ƙarshen minti 35. Tambaya shida zuwa takwas irin waɗannan sun ishi minti 50. Takardar amsa sai saura minti 15 ake raba ta.

Dokar rukuni uku ce, a rubuta a allo. Ba a gama ba sai kowane cikin huɗun ya iya bayani. Ba a ɗaga wa malam hannu sai an tambayi sauran ukun. Wanda aka tambaya ya faɗi yadda aka yi, ba amsa tsura ba. Binciken Noreen Webb a kan hirar ɗalibai cikin ƙananan rukunoni ya nuna cewa mai yin bayani yana ƙaruwa, wanda aka miƙa wa amsa kawai kuwa ba ya ƙaruwa. Ga ɗalibin koyarwa wannan riba biyu ce, don bayanin shi ne sana'ar da ya zo koyo.

A minti 20 na ƙarshe kowa yana da lamba daga 1 zuwa 4 a rukuninsa. Malam ya yi tambaya, ya ba da minti ɗaya a yi shawara, sannan ya ce: «Rukuni 17, mai lamba 3.» Ba a san wanda za a kira ba, don haka dole a shirya kowa.

Gwaji da lissafinsa

Ranar gwaji 'yan rukuni ɗaya ba sa zama kusa da juna. Masu lamba 1 layi guda, masu lamba 2 layi guda, haka har huɗu. A buga takardar iri biyu da tambayoyi ɗaya amma an sauya jerinsu. Wannan wajibi ne: tunda aka ɗaura tukwicin rukuni a kan makin kowa, an ba gwani dalilin leƙa wa ɗan rukuninsa amsa.

Tambaya 20 masu maki biyar-biyar sun fi 10 masu maki goma-goma. Da tambaya goma, kuskure ɗaya ko canki ɗaya yana tsallakar da mutum daga mataki zuwa mataki, sai lissafin ya koma caca.

Daga makin gwaji ake fitar da makin ƙwazo. Wanda ya faɗo ƙasa da tushensa da fiye da 10 yana samun 5. Wanda ya faɗo da 1 zuwa 10 yana samun 10. Wanda ya tsaya a kan tushensa ko ya haura da abin da bai wuce 10 ba, 20. Wanda ya haura da fiye da 10, 30. Wanda ya cinye duka, 30 ko nawa ne tushensa. A tara na rukuni a raba da yawansu.

Ga misali. Gwanin rukuni tushensa 85, ya ci 80, ya samu 10. Ta biyu tushenta 62, ta ci 70, ta samu 20. Na uku tushensa 55, ya ci 55, ya samu 20. Ta huɗu tushenta 38, ta ci 50, ta samu 30. Jimla 80, a raba huɗu, 20. A dubi wadda ta fi kawo wa rukunin maki: mai 50, wadda a tsohon tsari ake ɓoyewa ranar gabatar da jinga. Da gwanin ya ga wannan lissafi sau ɗaya, ba sai an yi masa wa'azin taimakon juna ba. Ya gane cewa minti 20 da zai zauna da ita sun fi masa riba a kan ƙara wa kansa maki biyar.

Matakan yabo uku ne: matsakaicin 15, da 20, da 25. Duk rukunin da ya kai mataki ya samu, ko da rukunoni 20 ne suka kai a rana ɗaya. In aka mayar da abin «rukuni na ɗaya, na biyu, na uku», zuwa gwaji na uku rukunoni 25 sun san ba su da rabo sun saki jiki, ga kuma ɓoye wa juna littafi.

Wuraren da yake lalacewa sanannu ne. Na farko, ɗalibai suna da wayo: in suka ji cewa gwajin farko ne zai zama tushe, wasu za su faɗi da gangan don su yi ta kwasar 30 daga baya. Shi ya sa ake ɗauko tushe daga sakamakon da ya riga ya shiga rajista, kuma kowane gwaji yake shiga makin mutum na kansa. Na biyu, gwaji ba ya zuwa da nauyi ɗaya. In na wannan mako ya yi tsauri har matsakaicin aji ya faɗo da 12, kusan kowa zai samu 5 ko 10 ba da laifinsa ba. Sai a ƙara wa kowa 12 wajen lissafin ƙwazo kaɗai, makin rajista ya zauna yadda yake. In ya yi sauƙi da yawa a rage haka nan. Na uku, mai tushe 92 ba shi da sararin haura 10, don haka a ɗauki 95 zuwa sama a matsayin cinyewa. Na huɗu, fashi. Mai uzuri, a raba makin rukuni da uku. Marar uzuri ya samu sifili a nasa, karon farko a yafe wa rukuni, karo na biyu sifilin ya shiga lissafinsu. In ba haka ba za ka ji ana ce wa wanda bai yi karatu ba ya yi zamansa a ɗaki.

Na biyar shi ya fi kashe tsarin, kuma daga malam yake: jinkiri. Sakamakon da ya fito bayan mako huɗu ba ya haɗuwa a zuciyar ɗalibi da zaman da ya yi da 'yan rukuninsa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A yi musayar takardu tsakanin layuka a duba a take da jan biro, mai dubawa ya sa lambarsa a ƙasa, malam ya zari 15 ya sake dubawa. Shafin Excel mai gurbi biyar ya isa: suna, rukuni, tushe, makin gwaji, makin ƙwazo. Kafin lacca ta gaba sakamakon rukunoni yana allon sanarwa.

Bayan gwaji uku a sake lissafa tushen kowa daga matsakaicin ukun, a kuma wargaza rukunonin a haɗa sababbi. Wanda ya faɗa rukunin da jininsu bai haɗu ba ya san wahalar ta mako shida ce.

Me za a bayar?

Nan ne ake yawan wuce gona da iri. A 1971 Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗa guntaye na wasa ƙwaƙwalwa, ya biya wasu kuɗi a kai. Da aka daina biya, waɗanda aka saba biya sun rage taɓa wasan a lokacin hutu. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka yi irinsa da yaran nazare masu son zane: waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo kafin su zana sun rage zane daga baya, waɗanda aka ba ba zato kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba. Abin da ake ɗauka daga nan shi ne, kyautar da aka yi alkawarinta don kawai a yi aiki tana mayar da aikin ƙodago. Yabon da ke gaya wa mutum takamaiman abin da ya iya ba shi da wannan illa.

Don haka tukwicin rukuni ya zama ƙarami, a bainar jama'a, kuma mai alaƙa da sana'ar. Suna a allon sanarwar sashe. Takardar yabo da sa hannun shugaban sashe ga rukunin da ya kai 25 sau biyu. Kwali da maka da gam na haɗa kayan koyarwa. Damar fara zaɓen ranar da za su yi koyarwar gwaji. Kuɗi da katin waya ba su da wuri a nan: aljihun malam ba zai jure ba, ranar da ya daina kuma ƙwazon ya tafi da su.

Tukwicin mutum ɗaya kuwa ya fi kyau a asirce. Layi biyu a kan takardarsa: «Daga 38 zuwa 50. Tambayoyin rubuta manufa duka kin ci, saura na auna fahimta.» Wannan ya fi «Da kyau» sau goma. A bainar aji ana iya kiran waɗanda suka haura tushensu da fiye da 10, ba tare da faɗin makinsu ba. A jerin nan za a ji sunayen da ba a taɓa kira don alheri ba tun firamare.

Sai batun maki, wanda ɗalibai za su fara tambaya tun ranar farko: «Malam, zai shiga CA?» A kwas mai CA 40, wato makin ayyukan cikin zango, rabon da ya fi lafiya shi ne 25 daga gwaje-gwajen mutum na kansa, 10 daga aikinsa na koyarwa ko tsarin darasi, 5 kacal daga matakan da rukunoninsa suka kai. Biyar ɗin nan ƙari ne, ba a taɓa rage wa mutum abin da ya ci saboda ɗan rukuninsa ya gaza. In kason rukuni ya kai 15 ko 20, abu biyu ke faruwa. Rago ya haye da guzurin wasu, sannan a fara tsangwamar mai rauni har ya daina zuwa aji.

Wani bincike a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, wanda Karthik Muralidharan da Venkatesh Sundararaman suka wallafa a 2011, ya gwada ba malaman firamare ƙarin kuɗi bisa ci gaban ɗalibansu, wasu makarantu a dunƙule, wasu malami-malami. A shekarar farko tsarin biyu sun yi kunnen doki, a ta biyu na mutum ɗaya ya wuce gaba, duk da cewa makarantun ƙanana ne masu malamai kamar uku. A yammacin Kenya kuma, da aka ba malamai kyauta bisa matsakaicin makarantarsu, makin jarrabawa ya tashi, amma abin da ya ƙaru shi ne darussan shirin jarrabawa, fashin malamai bai ragu ba, da aka daina ba da kyautar kuma tashin ya koma. Darasin ga mai tsara gwajin aji a fili yake: abin da ka ɗaura wa tukwici shi za a haddace. Kada tambayar takardar aiki ta dawo a gwaji da kalmominta. A sauya lambobi, a sauya aji, a sauya darasi. Kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin kuma ya fito daga batutuwan baya.

A koyarwar gwaji kafin fita TP (aikin koyarwa a makarantu)

Gajeriyar koyarwar gwaji, wadda aka fara a Jami'ar Stanford a 1963, darasi ne na minti biyar zuwa goma a gaban 'yan aji, a yi gyara, a sake koyarwa. A nan ma cutar jinga tana shigowa: rukuni ya tsara darasi, mai baki ya tashi ya koyar, sauran su tafa.

Maganinta ƙuri'a. Rukuni ya shirya darasi ɗaya tare, da kayan koyarwarsa, amma sai an shigo aji ake zaro lambar wanda zai koyar daga cikin kwalin ashana. Takardar lura tana da abu shida, kowane maki 1 zuwa 5: shimfiɗar darasi, yin tambaya, aiki da allo, kayan koyarwa, ƙarfafa gwiwar ɗalibi, rufewa. Jimla 30. Masu lura su fito daga wani rukuni, su biyu, da malam na uku, kuma kowane maki a rubuta masa shaida a gefe. «Ya yi tambaya bakwai, shida amsarsu e ko a'a» shaida ce. «Ya yi ƙoƙari» ba shaida ba ce. Kada rukuni biyu su riƙa lura da juna, don za su yi ban-gishiri-in-ba-ka-manda. A zagaya: na 1 ya lura da na 2, na 2 da na 3.

Bayan gyara, rukunin yana da mako ɗaya ya horar da wannan mutum, sannan shi ɗin ya sake koyar da darasin. Makinsa na kansa shi ne na koyarwa ta biyu. Na rukuni kuwa tazarar da ke tsakanin biyun ce: ƙarin maki 5 ko fiye cikin 30 ya kai babban mataki, 2 zuwa 4 na tsakiya. Wanda ya fara da 26 ko sama ya riƙe shi, a ba rukunin babban mataki. A zagaye na gaba ana cire lambar wanda ya riga ya yi, har kowa ya tsaya gaban allo. Da rukunoni 30 da minti 12 ga kowane, zagaye ɗaya awa shida ne, don haka sai an raba ajin ɗaki uku da malamai uku, ko a ɗauki darasin da waya malam ya kalla daga baya.

Daga rabin zango ya kamata littafin lissafin ya koma hannun ɗalibai. Kowane rukuni ya fitar da makin ƙwazonsa, wani rukuni ya tantance. Wanda ya lissafa da hannunsa sau uku zai iya kafa tsarin a ajinsa na TP, daga aji huɗu na firamare zuwa sama, da tambaya goma sha biyu a allo da taurarin kwali. Wanda aka karanta masa a handawut zai koma ga abin da aka yi masa yana yaro: kyautar na ɗaya da na biyu da na uku a ƙarshen zango, da bulalar layi guda saboda surutun mutum ɗaya.

A ƙarshen zango kada a auna nasarar tsarin da yawan takardun yabon da aka raba. A ɗauko sunaye 30 na ƙasan jerin farko, a duba matsakaicinsu a babbar jarrabawa, a kwatanta da na ƙasan ajin bara a kwas ɗin. In makin gwaje-gwajensu ya yi ta hawa amma na jarrabawa bai motsa ba, a fara duba yadda ake zama ranar gwaji, sannan a ɗauko takardun aiki a jera su kusa da takardun gwaji a ƙirga tambayoyin da suka maimaitu.